Waiwaye kan kakar 2016 a ƙwallon ƙafar Ostareliya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi waiwaye a kan wata kakar wasa da ta wuce, ta wani wasan da ba kasafai labarinsa yake fitowa a shafukan wasanni ba, wato ƙwallon ƙafa irin na Ostareliya. Kakar da nake nufi ita ce ta shekarar 2016, wadda ƙungiyar Western Bulldogs ta birnin Melbon ta ɗauki kofi a cikinta bayan ta shekara 62 tana jira. Mutane da yawa idan suna ba da wannan labari sai su ce sa'a ce ta faɗo wa ƙungiyar, ni kuwa ina ganin wannan magana ta tauye haƙƙin waɗanda suka yi gumi, tun daga 'yan wasa har zuwa magoya bayan da suka hana ƙungiyar rushewa tun kafin a haifi akasarin 'yan wasan.

Saboda mai karatu da bai san wasan ba, ya kamata in ɗan yi bayaninsa. Ana buga shi ne a babban fili mai siffar ƙwai, da ƙwallo ita ma mai irin wannan siffa, kuma kowane ɓangare yana sa mutum 18 a cikin fili. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu. Idan ɗan wasa ya buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya ba tare da kowa ya taɓa ta ba, ya ci maki shida, idan kuwa ta wuce ta gefe, ko ta bugi turken tsakiya, ko wani ya taɓa ta kafin ta shiga, maki ɗaya ne. Ana riƙe ƙwallo a hannu, amma ba a jefa ta, sai dai a nausa ta da dunƙulen hannu ko a buga da ƙafa, kuma mai gudu da ita dole ya taɓa ta da ƙasa a duk mita 15. Wanda ya cafke ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye, kafin ta taɓa ƙasa, yana samun damar bugawa ba tare da an kawo masa cikas ba. An rubuta dokokin wasan na farko a Melbon a 1859, kuma babbar gasarsa ita ce AFL, wadda a 2016 take da ƙungiyoyi 18. A wancan lokacin kowace ƙungiya tana buga wasa 22, sannan takwas ɗin da suke saman teburi su shiga zagayen neman kofi. Huɗun farko suna da rangwame, domin idan suka sha kashi a makon farko ana sake ba su dama, amma daga na biyar zuwa na takwas sili ɗaya ƙwale ne tun daga ranar farko.

Western Bulldogs ta gama kakar a matsayi na bakwai, ta ci wasa 15 an cinye ta a 7. Kafin wannan shekara babu ƙungiyar da ta taɓa ɗaukar kofi daga matsayi na bakwai, kuma tun da aka shigo da wannan tsari na zagayen kofi a shekarar 2000 har zuwa lokacin babu wadda ta ɗauka daga wajen huɗun farko.

Amma wanda yake son ya fahimci nauyin abin da ya faru, sai ya koma watan Oktoba na 1989. A lokacin sunan ƙungiyar Footscray, sunan unguwar da ta fito daga ciki a yammacin Melbon, unguwar ma'aikatan masana'antu da baƙi 'yan ci-rani, waɗanda suka zo daga Italiya da Girka, daga baya kuma daga Biyetnam da gabashin Afirka. Ƙungiyar ta shiga babbar gasa a 1925, ta ci kofi sau ɗaya tak a 1954, ta kai wasan ƙarshe a 1961 Hawthorn ta doke ta, daga nan kuma sai talauci da bashi suka yi mata katutu. Hukumar gasar ta yanke shawarar haɗe ta da ƙungiyar Fitzroy, wanda a zahiri yana nufin a shafe ta daga unguwarta. Magoya baya suka ƙi yarda, aka kai maganar kotu, aka ba su wa'adin kimanin mako uku su tara kuɗi. Dubban mutane suka taru a filin wasan ƙungiyar, aka bi gida-gida da kan tituna ana neman gudummawa, har aka tara fiye da dalar Ostareliya miliyan ɗaya da rabi, akasarinta daga aljihun masu ƙaramin ƙarfi. Wani lauya mai suna Peter Gordon ne ya jagoranci wannan fafutika, kuma shi ne shugaban ƙungiyar a ranar da ta ɗaga kofi bayan shekara 27. Ita kuwa Fitzroy, wadda ba ta tsira ba, an haɗe ta da ƙungiyar Brisbane a 1996. Ita ma Sydney Swans da Bulldogs ta kara da ita a wasan ƙarshe, asalinta South Melbourne ce, bashi ya sa aka ɗauke ta daga garinta aka mayar da ita Sidni a 1982. Wannan shi ne makomar da take jiran Footscray da mutanenta sun naɗe hannu.

Tsira daga rushewa bai kawo nasara nan da nan ba. Tsakanin 1985 da 2010 ƙungiyar ta kai wasan da daga shi sai na ƙarshe har sau bakwai, kuma duk bakwai ɗin an fitar da ita, ciki har da na 1997 da Adelaide ta doke ta da maki biyu kacal, da kuma shekaru uku a jere daga 2008 zuwa 2010. A watan Oktoba na 2014 abin ya ƙara lalacewa, domin kyaftin ɗin ƙungiyar, Ryan Griffen, ya nemi a sake shi ya koma Greater Western Sydney, washegari kuma kociya Brendan McCartney ya bar aiki. A cikin wannan ruɗani shugabannin ƙungiyar suka yi abubuwa biyu da aka yi ta suka a kansu. Sun karɓo wani matashi mai suna Tom Boyd a madadin Griffen, a kan kwantiragin shekara bakwai da aka ruwaito ya kai kusan dala miliyan bakwai, alhali bai buga wasa goma cikakku a babbar gasa ba. Sannan suka ba Luke Beveridge aikin horarwa, mutumin da ya fara yin suna a ƙungiyar 'yan sa-kai ta St Bedes/Mentone, inda ya ci kofi uku a jere a rukunai uku daban-daban, kafin ya zama mataimakin koci a Hawthorn.

Beveridge ya gina salon wasa na saurin miƙa ƙwallo da hannu a cikin cunkoso, da taron dangi a kan duk abokin hamayyar da ya riƙe ƙwallo, ya kuma koya wa 'yan wasansa buga gurbi fiye da ɗaya. Amfanin wannan ya fito fili a 2016, shekarar da rauni ya yi wa ƙungiyar ɗauki ɗai-ɗai. Tun kafin a fara kakar ta rasa ɗan gabanta Stewart Crameri, wanda yana cikin mutum 34 da Kotun Sauraren Ƙararrakin Wasanni ta Duniya ta dakatar a watan Janairu saboda badaƙalar allurai ta ƙungiyar Essendon, inda ya buga wasa a baya. Wannan hukunci shi ne ya jefa Essendon ƙarshen teburi da nasara uku kawai, ya kuma sa kyaftin ɗinta Jobe Watson ya mayar da lambar Brownlow ta gwarzon shekara da ya ci a 2012. A mako na uku, ana dab da tashi daga wasa da Hawthorn, jijiyar gwiwar kyaftin Bob Murphy ta tsinke, aka kuma cinye su da maki uku. Murphy yana da shekara 33 a lokacin, ya fara buga wa ƙungiyar wasa tun 2000, bai taɓa sa rigar wata ba, kuma kowa ya san cewa da wuya ya sake samun irin wannan dama. A mako na 18, a wasa ɗaya da St Kilda, Mitch Wallis ya karye a ƙafa, Jack Redpath kuma ya tsinka jijiyar gwiwa. Mako guda bayan haka Tom Liberatore da Jack Macrae su ma suka ji rauni. Duk da haka ƙungiyar ba ta faɗo daga cikin takwas ɗin farko ba, saboda duk wanda aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiya ya riga ya san aikinsa. Ƙaramar ƙungiyar ma, wadda take buga gasar jihar Biktoriya da tsohon sunan Footscray, ta ci nata kofin a wannan shekara.

A nan ne masu cewa sa'a ce suke da hujjarsu ta farko, kuma ba zan raina ta ba. A 2016 ne hukumar AFL ta fara sa hutun mako guda tsakanin ƙarshen wasannin teburi da zagayen kofi, domin a shekarar da ta gabata ƙungiyoyin Fremantle da North Melbourne sun hutar da manyan 'yan wasansu a makon ƙarshe, abin da ya rage wa wasannin armashi. Wannan hutu ya ba Bulldogs damar dawo da mutum biyar a tashi ɗaya, cikinsu da Liberatore da Macrae da muƙaddashin kyaftin Easton Wood. Ya kuma cutar da Geelong da Greater Western Sydney, waɗanda suka ci wasansu na farko suka sake samun wani hutun, har ya zama wasa ɗaya kawai suka buga a cikin kusan wata guda, kuma dukansu aka fitar da su a matakin kusa da na ƙarshe. Gaskiya ne hutun ya taimaka. Sai dai doka ce da aka sanar tun kafin a fara kakar, ta shafi kowa daidai, kuma hutu ba ya buga wa mutum wasa a birnin Perth a gaban magoya bayan West Coast, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a 2015. Bulldogs ta je can ta ci da maki 99 da 52. Mako na gaba ta haɗu da Hawthorn, mai riƙe da kofi uku a jere na 2013 da 2014 da 2015, aka fara rinjayar ta da maki 23, ta farfaɗo ta ci 107 da 84.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, wanda aka buga a Sidni da Greater Western Sydney. Wannan ƙungiya hukumar gasar ce ta kafa ta, ta shiga gasa a 2012, aka ba ta fifiko wajen zaɓen matasan da suka fi kowa hazaƙa a ƙasar shekara bayan shekara, kuma tsohon kyaftin Griffen yana cikinta a wannan dare. Ita kuwa Bulldogs, da yawa daga jiga-jiganta mutane ne da sauran ƙungiyoyi suka tsallake a babban zaɓe, sai daga baya aka ɗauke su a jerin 'yan gwaji, irin su Dale Morris da Matthew Boyd da Liam Picken da Jason Johannisen. Clay Smith, wanda aka yi wa tiyatar gwiwa sau uku tun bai wuce shekara 23 ba, ya ci ƙwallo huɗu. A farkon zango na huɗu, wato na ƙarshe, Bulldogs tana baya da maki 14, kuma duk mai goyon bayanta da ya san tarihin wasanni bakwai ɗin nan na baya ya riga ya fara shirin baƙin ciki na takwas. Sai Marcus Bontempelli, wanda shekarunsa 20 ne kawai, ya ci wata ƙwallo a guje, Macrae ya ƙara wata saura 'yan mintoci a tashi, aka ƙare 89 da 83. Karo na farko ke nan tun 1961 da ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe.

An buga wasan ƙarshen ranar 1 ga Oktoba, 2016, a filin MCG na Melbon, a gaban 'yan kallo 99,981. Sydney Swans ce ta gama a saman teburi da nasara 17, tana da Lance Franklin, ɗaya daga cikin manyan 'yan gaba na zamaninsa, da Josh Kennedy wanda ya ci ƙwallo uku a ranar ya kuma kusa juya wasan shi kaɗai a zango na biyu. An tafi hutun rabin lokaci Swans tana gaba da maki biyu, aka shiga zango na ƙarshe Bulldogs tana gaba da takwas, sannan tazarar ta sauko zuwa maki ɗaya. Abin da ya raba gardama ya faru ne a tsakiyar fili, lokacin da Dale Morris ya bi Franklin ta baya ya kayar da shi, ƙwallo ta suɓuce, Tom Boyd ya ɗauka ya buga daga nesa ƙwarai, ta yi tsalle ta shige tsakanin turaku. Daga baya aka bayyana cewa Morris ya buga dukan wasannin zagayen kofi da tsagewar ƙashi a gadon bayansa. Shi kuma Boyd, wanda aka shekara biyu ana yi masa gorin albashi, ya ci ƙwallo uku a ranar. An tashi 89 da 67, aka ba Jason Johannisen, haifaffen Johannesburg a Afirka ta Kudu, lambar Norm Smith ta gwarzon wasan. Wani ɗan asalin Afirka kuma ya rasa wannan rana da ƙyar, wato Aliir Aliir na Swans, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu, domin ya ji rauni a gwiwa mako guda kafin wasan, a shekararsa ta farko a babbar gasa.

Hujja ta biyu ta masu ƙorafi ita ce alƙalanci. An ba Bulldogs bugun tazara 20, aka ba Swans 8, kuma akwai karon da aka yi wa Dan Hannebery na Swans a ƙafa a zango na ƙarshe, wanda ya ji masa rauni a gwiwa, ba a hura ba. Hukumar AFL da kanta, bayan ta yi bitar wasan, ta amince cewa alƙalancin bai kai matsayin da ake so ba. Magoya bayan Swans suna da haƙƙin jin ciwon wannan, kuma bai dace a rufe musu baki don labarin Bulldogs ya fi daɗin ji ba. Abin da zan ce kawai shi ne tazarar maki 22 ce, kuma a mintocin ƙarshe, lokacin da gajiya take bayyana wanda ya fi shiri, Bulldogs ce ta ci ƙwallaye uku na ƙarshe. Su kansu mutanen Swans sun san ɗacin jira, tun da sun shekara 72 ba kofi kafin 2005.

Akwai wani ɓangare da ya kamata a yaba wa tsarin gasar kansa. A AFL babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita take fara zaɓen sababbin matasa a shekara mai zuwa. Akasarin tsofaffin ƙungiyoyin mallakin mambobinsu ne masu biyan kuɗin shekara, babu attajiri guda da zai saye su. Ta wannan hanya ce Bulldogs ta samu Macrae a 2012 da Bontempelli a 2013, a shekarun da take can ƙasan teburi. Tsarin yana da aibinsa, domin yana iya sa ƙungiya ta daina damuwa da nasara a ƙarshen kakar da ta lalace mata, amma shi ne ya sa ƙaramar ƙungiya ta unguwar leburori take iya tsayawa a fili ɗaya da masu arziki ta kuma doke su.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba, kuma shi ma yana cikin labarin. A 2017 Bulldogs ta gama a matsayi na goma, ba ta ko shiga zagayen kofi ba. Tom Boyd ya yi ritaya a 2019 yana da shekara 23, bayan fama da ciwon baya da matsalar damuwa wadda ya fito fili ya yi magana a kanta. Liam Picken ya daina wasa saboda illar buguwar kai, Clay Smith kuma gwiwarsa ta tilasta masa ajiye takalmi tun yana matashi. Duk mai jin daɗin tuna wannan kofi ya kamata ya tuna da abin da jikin waɗannan mutane ya biya.

Wannan ya kawo ni ga batun Bob Murphy. A ƙa'idar da aka bi a ranar, mutum 22 da suka buga wasan ƙarshe su kaɗai ake rataya wa lambar nasara, sai koci da ake ba lambar Jock McHale. Murphy ya zo filin sanye da rigar wasansa a ƙarƙashin tufafinsa, alhali ya san ba zai buga ba. Da aka ba Beveridge tasa lambar, sai ya kira Murphy ya hau dandali, ya cire ta daga wuyansa ya rataya masa, ya ce masa ya fi kowa cancanta da ita, sannan Murphy da Easton Wood suka ɗaga kofin tare. Daga baya Murphy ya mayar da lambar, aka ajiye ta a gidan tarihin ƙungiyar, ya buga kaka ɗaya a 2017 ya yi ritaya da wasa 312. Halin da Beveridge ya nuna abin yabo ne, amma a ganina bai kamata a ce sai koci ya sadaukar da tasa lambar kafin a girmama kyaftin ɗin ƙungiya ba. Mitch Wallis ya buga mafi yawan wasannin kakar kafin ya karye, Jack Redpath ma ya ba da nasa ƙoƙarin, kuma ba don nasarorin da irinsu suka taimaka aka samu a watannin Mayu da Yuni da Yuli ba, da ƙungiyar ba ta kai matsayi na bakwai ɗin ba ballantana ta ga watan Oktoba. Ra'ayina shi ne duk ɗan wasan da ya sa rigar ƙungiya ya shiga fili a cikin kakar da aka ci kofi ya cancanci a rataya masa lamba da sunansa, a kan dandali ɗaya da sauran abokansa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karanta shafin wasanni